Tsohuwa Za Ta Tashi da Kanta

Yayata ba ta taɓa yarda an rufe ƙofa ba sai ta girgiza ta da hannunta. Tun muna yara haka take. In Inna ta aike ni na kai mata ruwa, sai ta ɗaga kofin ta leƙa cikinsa, ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta tambaye ni ko na kurɓa a hanya. Akwatin kayanta kullum da zare a bakinsa, wani siririn baƙin zare da take ɗaurawa yadda ido ba zai gan shi ba. Ka buɗe ya tsinke, ta dawo ta tara gida gaba ɗaya a yi shari'a. Babanmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce da a ce an ɗauke ta aikin 'yan sanda da ɓarayi sun nemi wata sana'ar. Ita ce babba, ni ne auta, akwai wasu a tsakaninmu, amma duk binciken da za a yi a kaina yake ƙarewa, har yanzu da furfura ta cinye min gemu.

Tana gama makaranta ta samu aiki a wani wurin gwaje-gwaje, irin inda likitoci ke tura mutum a ɗebi jininsa a duba. Da tafireta ta fara, tana buga wa mutane sakamakonsu. Da aka kawo kwamfuta sauran ma'aikata suka riƙa zille mata, ita kuwa ta jawo kujera ta zauna a gabanta. Kada ka ɗauka sha'awa ce. Cewa ta yi ba ta yarda da abin da za ka ba shi magana ya haɗiye ba, sai ta ga inda yake ɓoye ta. A haka ta koya, har ta fi kowa a wurin sanin kan abin.

Daga baya masu wurin suka sayo wata babbar na'ura da ake kira saba, suka ajiye ta a wani ɗan ɗaki can ƙarshen baranda, bayan sito. Ɗakin ba taga, sai na'urar sanyi da ke hurawa dare da rana, ka shiga da zufa ka fito kana atishawa. Mutumin da ya haɗa ta ya koya wa Yaya abin da zai koya mata ya kama gabansa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ni makanikin janareto ne, ban san kwamfuta ba, amma yadda ta bayyana min ya zauna a kaina. Ta ce na'urar gida ce, a cikinta kuma akwai wasu kwamfutoci uku marasa jiki, ba ka ganinsu sai a allo, kowace da ɗakinta da aikinta. 'Yan haya take kiransu. Akwai Mai Rumbu, wadda ke riƙe da sunan kowa da tarihin gwajinsa. Akwai Mai Sakamako, wadda ke karɓar abin da injinan gwaji suka gano ta fitar a takarda. Sai Mai Layi, wadda teburin karɓar baƙi ke aiki da ita.

In wuta ta ɗauke akwai batirin da ke riƙe gidan na ɗan lokaci, yana ta tsuwa. In janareto ya tashi kafin batirin ya gaji, shi ke nan. In kuwa ya yi gardama, ko ina wani wurin aiki aka kira ni ban iso da wuri ba, sai komai ya mutu. Ko wuta ta dawo na'urar ba ta motsi sai an danna mata maɓalli, 'yan haya kuma ba sa farkawa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an tashe su. Wai dole a fara da Mai Rumbu, a jira ta wartsake sosai, sannan a taɓa sauran, in ba haka ba su farka su nemi rumbu su rasa, su rikice. Yaya ba ta duba agogo wajen jiran nan. Tana cire tabarau ta goge shi da bakin mayafi, ido ɗaya sannan ɗayan, ta mayar, ta ce lokaci ya yi. Na sha tsokanarta cewa a duk faɗin duniya ita kaɗai ce ke tashin 'yan haya a yi mata godiya.

Ita ta samo min aikin kula da janareton wurin. Na ɗauka zumunci ne, sai ta ce a'a, gara dai wanda ta san inda yake kwana.

Ya kamata ka ga Yaya a irin lokacin nan. Mutane jere a benci, kowa ya naɗe hannu da auduga a gwiwar hannunsa, masu gwaji sun fito sun tsaya cirko-cirko da fararen riguna, kowa tambayarsa ɗaya, ina Mama? Haka suke kiranta a wurin. Ita kuwa ba ta gudu. Za ta ajiye abin da take yi, ta zaro makullin daga igiyar da ke wuyanta, ta bi barandar nan a hankali ana buɗe mata hanya. In ta fito ta ce an gama, har Manaja sai ya sauke ajiyar zuciya. Mijinta, wanda muke kira Malam saboda koyarwa ya yi har ya yi ritaya, yakan ce shi ma da safe sai ta danna masa maɓalli yake iya tashi. Ba ta dariya in ya faɗa, amma na san tana jin daɗi. Ba ta tara dukiya ba, 'yarta ɗaya ta yi aure a nesa, abin da take da shi a duniyar nan shi ne wannan tambayar ta ina Mama.

Bara Malam ya kwanta ciwo, aka ce sai an yi masa aiki. Yaya ta ɗauki hutu, abin da rabonta da shi har an manta. Ranar da za a shiga da shi ɗakin tiyata wuta ta ɗauke da hantsi, janareto ya ƙi, na kwance shi na ɗaura kafin ya tashi. Aka yi ta kiran wayarta. Ta bar Malam a kan gadon turawa ta hau mota ta zo ta tashi 'yan hayarta, ta koma ta tarar an riga an shige da shi. Allah ya sa aka yi aikin lafiya, ya warke. Ba ta yi wa kowa ƙorafi ba, ta ƙarasa hutunta tana jinya ta dawo bakin aiki.

Ba ta daɗe da dawowa ba ta same ni a rumfar janareto, a bayan gini. Fuskarta a murtuke. Ta ce in tayar da injin. Na ce akwai wuta, me za a yi da shi? Ta ce in tayar dai. Sai da ƙara ta cika wurin sannan ta matso daf da kunnena, ashe don kada a ji mu ne. Ta ce ta je kai wa Manaja takardu ta tarar da ƙofarsa a ɗan buɗe, yana ciki da masu gwaji biyu, sai ta tsaya gyara takalmi. Na san gyaran takalmin Yaya. Ta maimaita min abin da ya faɗa tiryan-tiryan.

"Tsohuwar nan, daga yau kada wanda ya sake taɓa ta, kada a matsa mata. Ku ba ta lokaci kawai, za ta tashi da kanta. Kafin ƙarshen shekara ma sabuwa tana zuwa."

Ta ce suka yi dariya, ɗayansu har da cewa Allah ya kawo mu lokacin, mun huta.

Wallahi sai da na ji jinina ya hau. A wurin nan kaf ba wanda ya kai Yaya shekaru. Matar da ta bar mijinta a bakin ɗakin tiyata saboda su, ita ce za a zuba wa ido ta gaji ta tattara ta tafi, don ma kada a ce an kore ta? Na ce bari in je in same shi yanzu-yanzu. Ta riƙe min riga, ta ce in na buɗe baki za ta ce ba ta san ni ba. Ta ce mai cin dunduniyarka ba a nuna masa an gane shi, bari ake ya saki jiki. So take ta fara gano wace ce sabuwar.

Daga ranar komai ya zama shaida. Manaja ya sa aka canja mata kujera aka kawo mai laushi, ta ce ka gani, ana lallaɓa ta ne kamar mara lafiya, ta tura kujerar sito ta ɗauko tsohuwarta. In ya tambaye ta jikin Malam sai ta ce so yake ya ji ko akwai dalilin da zai zaunar da ita a gida. In ta shiga ɗakin shan shayi aka yi shiru, gulmarta ake. In aka ci gaba da hira, wayancewa ake. Akwai wani injiniya da masu wurin suka ɗauka yana zuwa lokaci-lokaci yana duba kwamfutoci, mutum mai sanƙo da yawan gaisuwa. Shi ma ta ce tunda ta dawo bai yarda sun haɗa ido ba, gaisuwar tasa kuma ta ƙaru. Wannan kam gaskiya ne, ni ma na lura.

Zarginta ya fi tsayawa a kan matar da ke teburin karɓar baƙi, wadda Yaya ke kira Mai Farce saboda dogayen faratanta. An ce tana zuwa ajin koyon kwamfuta bayan an tashi aiki. Yaya ta ce shi ke nan, ga sabuwar. Baiwar Allahn nan ta kawo mata lemo wata rana, Yaya ta yi godiya, ta bari ta juya baya ta miƙo min ta ce in kai wa maigadi.

Ana haka wuta ta ɗauke wata ranar aiki da azahar, ina can wani gidan ina gyara. Kafin in iso batiri ya gaji, komai ya mutu. Na tayar da janareto na zagayo don in ga an tashi lafiya, sai na hango Yaya tsaye a bakin ɗakin sanyi, makulli a hannu, ba ta shiga ba. Ta yafito ni. Ta nuna min can ƙasan ƙofar, ashe har yanzu tana ɗaura zarenta, ga shi nan lafiya lau bai tsinke ba. Ta buɗe kwaɗon muka shiga. Na'ura tana ta gurnani, fitilunta kore, a allo kuma 'yan haya uku duk sun tashi suna aiki. Daga can gaba muna jin injin buga takarda yana fitar da sakamako. Ba wanda ya zo neman Mama.

Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta ɗaga kai ta dubi silin, ta leƙa bayan na'urar sanyi, ta ƙwanƙwasa bangon da ke tsakaninsu da sito. Ta ce an shigo. Na ce ta ina, zare fa bai tsinke ba? Ta ce wanda ya san da zaren zai iya kwancewa ya mayar. Ta juyo ta dube ni, irin kallon kofin ruwan nan.

Ban ɗauka da gaske take ba sai da ta bi ni rumfa ta ce in zazzage akwatin kayan aikina. Tana neman sabulu ko kakin da aka danna makulli a kai don a yi irinsa. Ta ce a duk ginin nan mutum ɗaya ne ya san ta da zare, shi ne kuma ke shiga gidanta ya ga inda take rataye igiyar wuyanta in za ta yi alwala. Na zazzage mata komai a ƙasa, sifana da ƙusoshi da tsumma. Na ce, Yaya, ni? Ta ce ba ta ce ni ba ne, dubawa take. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, na yi kwanaki ban taka gidanta ba, har Malam ya kira ni yana ba ni haƙuri, yana cewa ai shi ma an duba aljihunsa.

Ta canja kwaɗo. Aka sake ɗauke wuta, 'yan haya suka sake tashi ba ita. Ta barbaɗa hoda a ƙasan ɗakin ta kulle, ta dawo ba sawun kowa. Wata rana wuta na ɗaukewa ta ƙi zuwa ɗakin, ta je ta tsaya a kan Mai Farce ƙiƙam tana kallon hannunta har wuta ta dawo. Matar ba ta motsa daga kujera ba. Duk da haka 'yan haya suka tashi. Yaya ta ce to daga waya ake yi, akwai mai yi mata daga waje.

Ta daina cin abinci a wurin aiki. Ta rame, wuyanta ya fito. Da farko cewa take ba inda za ta, sai dai su ɗauke ta da kujerarta su ajiye a titi. Daga baya maganar ta canja. Ranar da na sauko daga fushina na je gidan, na same ta a tsakar gida tana wanke kofin shayinta na wurin aiki, wanda bai taɓa kwana a gida ba. Ta ce ta fara kwaso 'yan kayanta kaɗan-kaɗan. Ta ce ba za ta tsaya a nuna mata yarinya a ce ta koya mata aiki ba, gara ta tafi da ƙafarta tun da sauran mutunci. Malam yana zaune a gefe yana girgiza min kai. Na ce a raina ai abin da suke so ke nan, kuma ga shi za su samu a ɓagas.

Hakan ya sa na karya umarninta. Da Injiniya ya zo zagayensa ya biyo ta rumfata yana tambayar yadda batiri ke yi, sai na tare ƙofa, sifana a hannuna. Ban yi niyyar komai da ita ba, amma ban ajiye ta ba. Na ce ya gaya min tsakaninsa da Allah, wa suke shirin kawowa a madadin yayata, wa kuma ke shiga ɗakinta a ɓoye? Ya ce bai gane ba. Na maimaita masa maganar Manaja kamar yadda aka ba ni, tsohuwa da tashi da kanta da sabuwa mai zuwa. Ya buɗe baki zai yi dariya, ya dubi fuskata ya fasa.

"Malam Auta, tsohuwa ai sabar ce. Na'urar. Haka kowa ke kiranta a nan."

Na ce ƙarya ne, ban taɓa ji ba. Ya ce ba zan ji ba, tunda ni ƙaninta ne. Wai da daɗewa wani ya taɓa ce wa na'urar tsohuwa a gaban Mama, ta wanke shi tas, ta ce tsohuwar tana gidansu. Tun daga nan ba a faɗa sai a bayan idonta. Sabuwar da ake jira kuwa wata na'urar ce da aka yi oda.

Ya zauna a kan jarka ya yi min bayani. Ya ce da Manaja ya ji abin da ya faru ranar tiyatar Malam kunya ta kama shi, ya kira shi ya ce ba yadda za a yi a daina taso baiwar Allahn nan daga ko'ina? Shi kuma ya ce abu ne mai sauƙi. Akwai wurin da ake gaya wa na'urar cewa in wuta ta dawo ta kunna kanta, akwai kuma wurin da ake jera mata waɗanda za ta tasa da wanda za ta fara da shi da tsawon jiran da za ta yi. Ya ce tun asali abin yana nan, wanda ya haɗa ta ne bai saita ba. Ya yi aikin tana hutu. Manaja ya tara masu gwaji ya gargaɗe su kada wani ya yi karambanin neman shiga ya danna wani abu in an ɗauke wuta, su jira kawai.

Na ce to don me ba a gaya mata ba? Ya shafa sanƙonsa. Ya ce Manaja ya ce shi ya gaya mata tunda shi ya yi aikin, shi kuma ya ce Manaja ya gaya mata tunda shi ne babba. Ya ce sau da yawa yana zuwa har bakin teburinta da niyyar faɗa, ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, sai ya ji ya sake gaishe ta ya wuce.

Ban yarda da shi nan take ba, jinin gidanmu ɗaya ne da Yaya. Na tasa shi gaba har ofishin Manaja, na hana su haɗa ido, na ce Manaja ya faɗi nasa. Maganarsu ta zo ɗaya. Da ya ji yadda ta fassara zancensa sai ya dafe kai da hannu biyu yana salati. Ya ce shi da ya yi don ta huta? Na ce masa hutun ya kusa kashe ta, kuma manyan mutane biyu su tsaya suna tsoron mace ɗaya har ta fara kwashe kofunanta, abin kunya ne. Bai musa ba.

Mu uku muka same ta. Ta saurare su har ƙarshe, hannu a harɗe, ba ta katse kowa ba. Manaja ya rantse, ya ce kujerarta tana nan har ranar da ta ce ta gaji, ga aiki nan jingim, ajiyar bayanai da kula da ɗakin da sauransu. Da suka gama ta dube ni ta ce ashe har da ni aka haɗa baki. Ta ce labarin ya yi daɗi da yawa. Na'urar da ta yi shekara da shekaru tana lallashi, yau a ce ta san wa za ta fara tasa? Ita sai ta gani da idonta, kuma a yadda ta tsara.

Ranar da ba aiki muka haɗu da safe. Ta karɓe wayar Manaja da ta Injiniya da 'yar kwamfutarsa ta hannu, ta zuba a jakarta ta zuge. Ta zaunar da su a bencin marasa lafiya, ta ce wa maigadi ya sa musu ido kada wanda ya motsa. Injiniya ya ce a yi hankali, yanke wa na'ura wuta da gangan ba ya yi mata kyau. Ta ce ta riga shi sani. Muka shiga ɗakin sanyi mu biyu ta sa sakata. Ta cire na'urar daga batiri da hannunta ta haɗa ta kai tsaye da wutar bango, ta tsayar da ni a wurin babban makunnin ɗakin, ta ce in kashe.

Na ja shi ƙasa. Gurnanin ya mutu, duhu ya rufe mu, sai hasken tocilan ɗinta. Ta haska hannuwana ta ce in ɗaga ɗayan sama inda za ta gan shi. Sannan ta ce in kunna.

Wuta ta dawo. Yaya ta mayar da hannuwanta baya ta riƙe ɗaya da ɗaya. Na'urar ta yi shiru kamar ba za ta yi komai ba, har na ga kafaɗar Yaya ta ɗan ɗaga. Sai fanka ta juya, fitilu suka fara ƙyaftawa, rubutu ya hau gudu a allo. Mai Rumbu ta tashi. Sauran biyun suna kwance, ba su motsa ba. Yaya ta matsa gaba kaɗan, hannunta ɗaya ya saki ɗayan ya nufi fuskarta, ta tuna ta mayar da shi. Muka jira. Daidai lokacin da da ita ce da ta gama goge tabarau, Mai Sakamako ta tashi, Mai Layi ta biyo ta.

Ta zauna ta bincika su ɗaya bayan ɗaya. Ta nemo sunan Malam a rumbu, ya fito da duk gwaje-gwajensa. Ta tura takardar gwaji, muka ji injin bugawa ya amsa daga can gaba. Ta buɗe nan ta rufe can, tana neman inda aka yi kuskure. Na san yayata, da ta samu ko ɗan ƙanƙani ne da fuskarta ta washe. Ba ta samu ba.

Ta miƙe ta ce, "Kashe kuma."

Na kashe, na kunna. Suka tashi kamar ɗazu, Mai Rumbu a gaba, jira, sannan sauran. Wannan karon ba ta zauna ta duba ba. Tana tsaye, hasken allon yana kan tabaranta.

"Kashe kuma."

Na ɗora hannu a kan makunnin, ban ja ba. Na ce, Yaya, ke ce fa kike hana mutum ko tari ya yi kusa da ita, in muka ci gaba za mu ji mata ciwo. Na zaci za ta daka min tsawa. Na'urar sanyi tana ta hura mu. Can ta yi magana da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Ba wanda ya yi min komai ke nan, Auta?"

"Ba kowa, Yaya."

"Har yarinyar nan mai farce?"

"Ita ba ta ma san ana yi ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Na ɗauka sauƙi za ta ji, ni dai na ji, amma fuskarta ta fi ranar da ta zo min da maganar a rumfa muni. Waccan ranar ranta a ɓace yake amma da ƙarfinta, tana da abokan gaba, tana da aikin yi. Yanzu kuwa tsayawa kawai ta yi tana kallon fitilun nan kore.

Ta ce, "To da wa zan yi faɗa?"

Tausayinta ya kama ni. Na ce ga ni, ai na saba, ta fara da ni, ni na karya mata umarni na je na tona zancen. Ta juyo ta dube ni. Na tsaya ina jiran faɗan, wallahi so nake ya zo, ko da zagi ne. Bai zo ba. Ta zuge jakarta ta fito da wayoyin da 'yar kwamfutar ta miƙo min, ta ce in kai wa bayin Allahn nan kayansu in ce su tafi gida, ranar hutu ce, suna da iyali.